Aiki da Jagorancin Hoto a Jinyar Ciwon Daji, Raunuka da Tangarɗar Bayan Tiyata: Nazarin Buƙatun Birnin Sakkwato

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi wani reshe na likitanci da ake yi wa majinyaci aiki a cikin jiki ba tare da an tsaga shi ba: a zura allura ko siririn bututu ta ƙaramar kafa, likita yana kallon inda ya dosa a allon na'urar hoto. Manufarta ita ce tantance ayyukan wannan reshe da suka fi dacewa da cututtukan da ake kawowa manyan asibitocin birnin Sakkwato, da halin da majinyata ke isowa a ciki. An bi hanyar bitar binciken da aka wallafa, aka auna kowane aiki da ma'auni uku. Nazarin ya nuna cewa ayyukan da na'urar sikanin ta wadatar da su, wato ɗebo tsoka don gwaji, zuƙe mugunya, da buɗe wa fitsari ko ruwan maɗaciya hanya, su ne suka cancanci a fara kafa su da kyau, kafin toshe jijiya da ƙone ƙari waɗanda suka fi suna, suka kuma fi tsada.

1.0 Gabatarwa

Birnin Sakkwato shi ne matattarar majinyatan da ciwonsu ya gagari ƙananan asibitoci a jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara, har da masu ƙetarowa daga Ƙonni da kewayenta a Jamhuriyar Nijar ta kan iyakar Illela. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen hoto, da sashen gashin ciwon daji, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, da ƙwararrun likitocin ƙoda da mafitsara. Ga kuma Asibitin Ƙwararru na jiha da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Galibin waɗanda ake turowa waɗannan wurare ba sa isowa sai ciwo ya ci jiki: jini ya yi ƙasa, rama ta bayyana, guzurin da dangi suka haɗa ya tafi wajen magungunan da aka fara gwadawa. Irin wannan majinyaci babbar tiyata ta fi yi wa haɗari, domin jikinsa ba lallai ya ɗauki allurar barci da zubar jini da doguwar kwanciya ba.

A nan ne aiki da jagorancin hoto ya shigo. A wannan maƙala, ana nufin duk wani aikin gano cuta ko magance ta da ake yi ta kafar da ba ta wuce 'yan milimitoci ba, da taimakon sikanin, ko eksire mai nuna motsi kai-tsaye, ko na'urar CT. Yawanci allurar kashe zafi a wurin da za a huda ta isa, majinyaci yana farke, kuma sau da yawa yakan koma gida a ranar ko washegari.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: tunda kuɗi da ƙwararru ba su wadata a yi komai a lokaci guda ba, da wane ɓangare na wannan fanni ya kamata Sakkwato ta fara, kuma don me?

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Tushen fannin dabara ce da likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya wallafa a 1953: a huda jijiya da allura, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, sannan a bi kan wayar da bututu. Bayan shekara biyu, a 1955, Willard Goodwin ya bayyana yadda ake fitar da fitsari daga ƙodar da ta toshe ta hanyar huda bayan majinyaci. A Janairun 1964, a garin Fotland na Amurka, Charles Dotter ya buɗe tsukakkiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ƙafar kuma ta tsira. Daga nan aka gane cewa bututun da ake gano cuta da shi yana iya zama magani. A shekarun 1970 aka juya dabarar, aka fara toshe jijiyar da ke zubar da jini da gangan. Gianturco da abokan aikinsa suka fito da murɗaɗɗiyar wayar toshiya a 1975, a 1979 kuma aka fara amfani da toshiya wajen tsayar da jinin bayan haihuwa. A 1995 Ravina da wasu a Faris suka wallafa amfani da ita wajen ƙanƙantar da ƙarin mahaifa.

Dangane da ƙasashe masu ƙarancin hali, ra'ayi ya kasu biyu. Na farko, wanda ya daɗe, yana ganin wannan fanni na masu hannu da shuni ne, kuma abin da ya fi gaggawa shi ne samar da tiyata ta asali. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi a rahoton kwamitin mujallar Lancet kan tiyata na 2015, wanda ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya, ya kuma ɗauki fiɗar haihuwa da fiɗar ciki da gyaran karaya mai rauni a matsayin ma'aunin ƙarfin asibiti. Ra'ayi na biyu, mai ganin su ma waɗannan ƙasashe suna buƙatar fannin, ya ƙarfafa a 2021, lokacin da wani kwamitin na Lancet ya nuna cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen duniya ba su da hanyar gano cuta ko tasu ba ta taka kara ta karya ba, kwamitin Hricak da wasu kuma ya danganta ƙarancin na'urorin hoto da yawan mutuwar masu ciwon daji.

A aikace, misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Tanzaniya. A 2018 shirin Road2IR ya fara horar da likitoci a Asibitin Ƙasa na Muhimbili da ke Darussalam, da taimakon ayarin malamai masu zuwa bi-da-bi daga jami'o'in Amurka, kowane ayari da likita da ma'aikacin jinya da mai sarrafa na'ura. Rukunin farko na mutum uku ya kammala a 2021. A gida Nijeriya, akwai ƙungiyar likitocin wannan fanni wadda Farfesa Ahmed Ahidjo na Maiduguri ya taka rawa wajen kafa ta, kuma Ahmed da wasu (2017) sun wallafa abin da suka gani a Zariya wajen buɗe wa ƙoda hanya da jagorancin sikanin. Giɓin da ya rage shi ne, yawancin rubuce-rubucen suna maganar Afirka ne a dunƙule, ba su ɗora ayyukan fannin a kan cututtukan wani yanki takamaimai ba.

3.0 Hanyar Nazari

An dogara ga binciken da aka wallafa a mujallun likitanci, da alƙaluman hukumomin ƙasa da na duniya. Ba a yi amfani da fayil ɗin wani majinyaci ba. An auna kowane aiki da ma'auni uku. Na ɗaya, yawan masu buƙatarsa a yankin. Na biyu, kayan da yake ci da yiwuwar samun su ba yankewa. Na uku, abin da ke faruwa da majinyaci idan ba a yi aikin ba, da kuma ko akwai wata hanya mai sauƙi da za ta maye gurbinsa. Aikin da ya haye ma'aunan uku shi aka sa a gaba.

4.0 Nazari

4.1 Ciwon Daji

Alƙaluman GLOBOCAN na 2022 sun ƙiyasta sabbin masu ciwon daji 127,763 a Nijeriya, da mutuwar 79,542 a shekarar. Kusancin lambobin biyu yana nuna jinkirin zuwa asibiti, kuma shi ya kamata ya jagoranci zaɓin ayyuka.

4.1.1 Ɗebo tsoka don gwaji

Ba a fara gashi ko allurar ciwon daji sai an tabbatar da nau'in ciwon a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Inda babu jagorancin hoto, hanya biyu ce: a yi tiyata a yanko, ko a soka allura da ka. Ta farko tana cin kuɗi da layin jiran ɗakin tiyata. Ta biyu takan ɗebo ruɓaɓɓen tsakiyar ƙarin, sakamako ya dawo babu amsa, a rasa makonni. Da sikanin, likita yana ganin gefen ƙarin inda tsoka ke da rai, yana ganin jijiyar da zai kauce wa, ya ɗebo 'yan siraran tsoka cikin mintuna. Ga mai sankarar mama, wannan tsokar ce ake gwadawa a san ko ƙwayar tamoksifen, mai araha, za ta yi mata aiki. Likitocin hoto a Ile-Ife, tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering, sun nuna cewa ana iya horar da likitocin gida wannan aiki a cikin ƙasa.

Cikas a nan ba na kaya kaɗai ba ne. Sanannen zance ne a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin jahilci tsagwaronsa ba, domin ya samo asali ne daga abin da mutane suka gani da idonsu: an kai mutum asibiti ciwo ya riga ya watsu, an yi aiki, bai daɗe ba ya rasu. Gaskiyar ilimi ita ce, yiwuwar allurar gwaji ta yaɗa ciwon kaɗan ce ƙwarai, haɗarin jinkiri kuwa babba ne. Wannan bayani sai an zauna an yi shi da Hausa ga majinyaciya da mijinta ko waliyyinta kafin a buɗe kayan aiki, in ba haka ba za a sayi allurai su lalace a ajiya.

4.1.2 Toshewar hanyar fitsari

Wannan shi ne wurin da buƙatar Sakkwato ta bambanta da ta sauran wurare. Tsargiya ta daɗe a garuruwan da ke bakin gulbin Rima da gulbin Sakkwato da madatsun ruwa irin su Goronyo da Bakolori, inda yara ke wanka, manya ke su da noman fadama. Ƙwan tsutsar da ke jawo ta yana maƙalewa a bangon mafitsara, ya daɗe yana jawo kumburi da tabo. Mungadi da Malami (2007) sun ruwaito cewa mafi yawan sankarar mafitsarar da suka nazarta a Sakkwato nau'in nan ne da ake dangantawa da daɗaɗɗiyar tsargiya. Idan aka haɗa da sankarar bakin mahaifa a mata da ta mafitsarar maza tsofaffi, za a ga tarin majinyata da ƙari ya matse magudanan da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Fitsari ya koma baya, ƙoda ta kumbura, guba ta taru a jini. Da yawa abin da ke kashe su ke nan, tun kafin ciwon dajin ya gama aikinsa.

Ga yadda ake buɗe hanyar. Bayan an duba daskarewar jini an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, majinyaci yakan kwanta rub-da-ciki ko ya ɗan karkata. A wanke bayansa, a yi allurar kashe zafi ƙasa da haƙarƙarin ƙarshe. A allon sikanin, kumburarriyar ƙoda takan fito da baƙaƙen aljifai cike da fitsari. Likita ya saita allura zuwa aljihun ƙasa, ta gefen da jijiyoyin jini ba su da yawa, yana kallon bakinta tana tafiya kamar farin ɗigo. Da fitsari ya ɓullo, sai a zura waya, a ɗan faɗaɗa kafar, a bi da bututu mai lanƙwasasshen baki wanda kaurinsa bai kai milimita 3 ba, a ɗinke shi da fata, a jona jaka. Aikin yakan ƙare cikin ƙasa da awa ɗaya. A kwanakin farko ƙodar kan zubar da fitsari mai yawa, don haka dole a riƙa aunawa ana mayar da ruwa.

Fa'idar ta wuce ceto na wucin gadi. Maganin sisfilatin, wanda ake haɗawa da gashi wajen sankarar bakin mahaifa, ba a ba da shi sai ƙoda na aiki. Bututu guda na iya mayar da majinyaciya cikin sahun waɗanda za a yi wa magani, ya kuma raba danginta da kuɗin wankin ƙoda. Sai dai akwai iyaka. Ga wanda ciwo ya riga ya gama watsuwa, bututun na iya tsawaita wahala kawai, don haka hukuncin sa shi na likita da majinyaci da dangi ne tare. Ana sauya shi kusan duk wata uku, yana iya toshewa ko ya fice, kuma mutumin da ya fito daga Isa ko Tangaza sai an tsara masa yadda zai dawo. Tambayar alwala da salla da jakar fitsari a jiki ba ta rasa tasowa. Fiƙihun Malikiyya ya yi sauƙi ga mai lalurar yoyon fitsari, kuma ya dace sashen ya nemi malamai su rubuta gajeren bayani da za a riƙa karanta wa majinyata.

4.1.3 Sankarar hanta

A nan ne ayyukan da suka fi suna suke, a nan ne kuma ya fi kamata a yi hattara. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya sami ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Rigakafinsa bai shiga jerin alluran yara a Nijeriya ba sai 2004, ke nan manyan yau galibi ba su samu ba. Ga kuma gubar aflatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara da ba su bushe da kyau ba, wadda ke ninka haɗarin.

Fannin yana da makamai biyu. Na farko ƙone ƙari: a soka allura a tsakiyarsa, a sakar masa zafin da ya haura digiri 60, ko a ɗura masa tsantsar sinadarin etanol. Ya fi aiki ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Na biyu toshe jijiyar ƙarin tare da ɗura magani. Hikimarsa ita ce, lafiyayyar hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga jijiyar da ke tasowa daga hanji, ƙarin kuwa ya dogara ne ga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, saboda haka ana iya yanke masa abinci hantar ta rayu. Gwaje-gwajen Llovet da na Lo, duka a 2002, sun nuna yana tsawaita rai ga wanda hantarsa ke da sauran ƙarfi kuma ciwon bai fita waje ba.

To su wa ke zuwa a wannan mataki? Yang da wasu (2017) sun nazarci majinyata 2,566 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya. A Masar, kashi 76 cikin 100 sun sami maganin da ya shafi ciwon kai-tsaye, matsakaicin rayuwarsu bayan ganowa wata 10.9. A sauran ƙasashen, kashi 3 ne kawai suka samu, matsakaicin rayuwa wata 2.5, matsakaicin shekaru 46. Mai isowa da ƙari ya cika hanta, ciki ya tara ruwa, ido ya yi shawara, ba na ƙonawa ba ne, toshiya kuma na iya gaggauta mutuwar hantarsa. Na'urar ƙone ƙari ba za ta sami aikin yi ba sai an kafa tsarin duba masu ciwon hanta nau'in B da sikanin duk wata shida. Kafin nan, abin da zai amfani masu zuwa yau shi ne zuƙe ruwan ciki, da sa bututun fitar da ruwan maɗaciya ga wanda ƙari ya toshe masa magudana, don ƙaiƙayi da zazzaɓi su lafa ya iya cin abinci.

4.2 Tangarɗar Bayan Tiyata

Binciken Biccard da wasu (2018) ya bi majinyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25. Kashi 18 cikin 100 sun sami matsala bayan tiyata, kashi 2.1 suka rasu. Majinyatan sun fi na ƙasashe masu arziki ƙuruciya, matsalolinsu ma ba su kai yawan na can ba, amma haɗarin mutuwarsu ya ninka. Marubutan sun danganta haka da gazawar ceto bayan matsala ta auku. Mutum yakan tsallake wuƙa, ya faɗi a kwanakin da suka biyo baya.

A arewacin Nijeriya, fiɗar gaggawa saboda hujewar hanji daga taifot, da fashewar afendis, da doguwar naƙuda, aiki ne na yau da kullum. Bayan mako guda zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya ɗaure, sikanin ya nuna mugunya ta taru ƙarƙashin hanta ko a mara. Sake buɗe cikin yaron da taifot ya riga ya ramar babban haɗari ne. Hausawa sun san sakiya tun kaka da kakanni, inda wanzami ke huda kumburi mugunya ta fita. Zuƙe mugunya da bututu sakiya ce da ake yi wa kumburin da ido ba ya gani, da tsaftataccen kaya, likita na kallon hanji da jijiyar da zai kauce wa. Ana iya yin ta a bakin gado. Ana kuma aika abin da aka zuƙo ɗakin gwaji don a san maganin da ya dace, a daina harbin iska da magunguna masu tsada. Haka ake yi wa ƙurjin hanta da mugunyar ƙirji ta yara bayan ciwon huhu.

Hujjar fara da bututu kafin wuƙa ta sami ƙarfi a gwajin PANTER na ƙasar Holan (2010), inda kashi 35 cikin 100 na masu ruɓewar gaɓar fankiriyas da aka fara musu da bututu ba su ƙara buƙatar tiyata ba. Wata tangarɗar da ta shafi yankin nan ita ce raunin magudanar ƙoda yayin fiɗar haihuwa mai wuya ko cire mahaifa. Karkatar da fitsari ta baya yakan ceci ƙodar har a sami damar gyara. Amma bututu ba ya ɗinke hanji. Idan ɗinki ya warware ƙazanta ta game ciki, komawa ɗakin tiyata shi ne magani, jinkirta shi kuma ganganci ne.

4.3 Raunuka da Zubar Jini

Raunukan da ake kawowa Sakkwato iri biyu ne manya: haɗarin mota da na kabu-kabu a cikin gari da kan hanyoyin Gusau da Jega da Illela, sai harbin bindiga daga ƙananan hukumomin gabas irin su Sabon Birni da Isa da Rabah. A manyan cibiyoyin duniya, wanda saifarsa ta tsage ko ƙugunsa ya karye yana zubar da jini a ciki, akan shiga ta jijiyar cinya a toshe inda ke zuba. Ceton saifa yana da ƙarin muhimmanci a ƙasar zazzaɓin cizon sauro, domin wanda aka cire wa ita ya fi faɗawa haɗarin zazzaɓin da wasu ƙwayoyin cuta. Sai dai wannan aiki yana buƙatar hoton CT nan take, da ɗakin eksire mai motsi, da ma'aikata a shirye dare da rana, da majinyacin da jininsa bai faɗi warwas ba. Wanda ya kwashe sa'o'i a bayan mota kafin ya iso, jini na neman ƙarewa, ɗakin tiyata da ƙarin jini yake buƙata.

Inda toshiya ta fi dacewa da halin yankin shi ne zubar jini mai jinkiri. Harsashi ko wuƙa kan raunata bangon jijiya, ta yi ƙululu mai bugawa, ya fashe bayan kwanaki ko makonni, a hanta ko ƙoda ko ɗuwawu. Wuraren nan suna da wuyar kaiwa da wuƙa, majinyacin kuma yana asibiti, akwai lokacin shiri. Murɗaɗɗiyar waya ɗaya ko biyu kan gama magana.

Haka lamarin yake ga jinin bayan haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 cikin kowace haihuwa 100,000, ya kuma nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na haihuwa a jihar Sakkwato ne ake yi a asibiti. Matar da jini ya ɓalle mata a ɗakinta a ƙauye ba za ta kai ga bututu ba. Abin da aka tabbatar yana ceto da yawa ya fi wannan sauƙi. Gwajin WOMAN (2017) ya nuna allurar taraneksamik cikin awa uku tana rage mutuwar zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gwajin E-MOTIVE (2023), wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna auna jini da leda mai ma'auni da ba da magunguna a tare yana rage zuba mai tsanani da kashi 60 cikin 100. Toshiya tana da gurbinta ga jinin da ya dawo bayan kwanaki, da mabiyiyar da ta manne wa mahaifa, da mace mai ƙarin mahaifa wadda ba ta son a cire mata mahaifar. Gurbi ne na gaske, amma ba shi ne na farko ba.

5.0 Ma'aikata, Kaya da Kuɗi

Na'ura ita ce abin da ido ya fi gani, amma ba ita ce ke tsayar da aiki ba. Allura da waya da bututu sau ɗaya ake amfani da su, daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma ya bi dala tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Idan aka bar kowane majinyaci ya aika Legas ko Kano a sayo masa, aikin gaggawa ya zama na mako biyu. Mafita ita ce asusun juyi na sashe, a sayi kaya da yawa a lokaci guda, a taƙaita su zuwa nau'o'i kaɗan. Bututun da ake sa wa ƙoda shi ne ake zuƙe mugunya da shi. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana buƙatar ma'ajiya mai sanyi, na'urar sikanin mai batir kuma ta fi jure ɗaukewar wuta fiye da babban ɗakin eksire.

Ta fuskar horo, darasin Darussalam shi ne a koyar da mutane a asibitinsu, da majinyatansu, kuma a koyar da ayari gaba ɗaya. Ma'aikaciyar jinyar da ta san wanke bututu da auna abin da ya fito ita ke hana aikin lalacewa bayan likita ya tafi. Likitocin mafitsara da na fiɗa da na mata sun daɗe suna yin wasu daga cikin waɗannan ayyuka, don haka abin nema shi ne a haɗa su da likitocin hoto a tsari guda mai jadawalin kira, a kuma ajiye rajistar kowane aiki da sakamakonsa. Duk inda eksire ya shigo, dokokin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa sun hau: rigar dalma, da ma'aunin haske a jikin ma'aikaci, da iyakar milisibat 20 a shekara.

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane suke fita. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora, jihar Sakkwato kuma tana da tata hukumar inshorar, SOCHEMA. Aikin da ba a rubuta shi cikin jerin abin da inshora ke biya ba, talaka ba zai gan shi ba.

6.0 Shawarwari

Ana kira ga mahukuntan manyan asibitocin Sakkwato da Ma'aikatar Lafiya ta jiha su keɓe ɗaki guda da na'urar sikanin tasa, da ma'aikatan jinya na dindindin, da asusun kaya, don gwajin tsoka da zuƙe mugunya da buɗe hanyar fitsari da ta maɗaciya, a kowace rana ta mako. A nemi hukumomin inshora su sa waɗannan ayyuka huɗu cikin jerinsu da farashi sananne. A tura likitocin hoto biyu ko uku su koyi toshe jijiya tun yanzu, domin horon yana ɗaukar shekaru, a kuma fara da majinyatan da za a iya shirya musu lokaci. A buɗe rajistar masu ciwon hanta nau'in B da duba su duk wata shida. Ranar da rajistar ta fara fito da ƙananan ƙari, ranar ce sayen na'urar ƙonawa ya wajaba.